DARASIN WANNAN WATA: LAMBUN GIDA TUN DA BAZARA AKE KAFA SHI

Ga shi Allah ya sake kawo mu bazara. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, rana ta buɗe, kuma aikin gona bai wuce shara da kai taki ba. Yara kuwa da sun taso daga makaranta sai yawo cikin rana, domin babu wani aiki da aka ba su a gida.

A wannan lokaci ne kuma miya take ƙaranci. Yawancin ɗanyen kayan miyar da muke saye daga fadamun ƙasar Haɗejiya da sauran wuraren noman rani ake kawo su, da zarar ruwa ya kusa sauka kuwa sai su yi wuya, su yi tsada. Daga watan Yuni zuwa Agusta hatsin rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ma'aikatan lafiya sun san cewa a wannan tsakani ne aka fi kai musu ƙananan yara da suka rame saboda rashin abinci mai gina jiki. Ganye ba zai maye gurbin tuwo ba, amma gidan da yake da zogale da alayyafo da kuɓewa a bayan ɗaki ba daidai yake da gidan da ba shi da su ba.

MANUFAR DARASI

Bayan an karanta wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:
1. Kafa ƙaramin lambu a cikin gida da kayan da ake zubarwa.
2. Shayar da shi ba tare da ƙara yawan ruwan da ake ɗebowa ba.
3. Renon itatuwa a leda domin dashe da damina.
4. Ba kowane yaro aikin da ya dace da shekarunsa.

DON ME TUN DA BAZARA?

Daminarmu gajeruwa ce, wata uku zuwa huɗu, kuma da ruwa ya sauka kowa sai gona. Magidancin da ya ce sai ruwa ya zo zai yi lambu, ba zai yi ba, domin shuka da noman fari za su cinye masa lokaci. Bugu da ƙari, taki yana bukatar kamar mako shida zuwa takwas kafin ya ruɓe, ɗan itacen leda kuma yana bukatar wata biyu zuwa uku kafin ya isa dashe. Wanda ya fara a watan Afrilu shi ne zai yi dashe a watan Yuli. Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

MATAKI NA ƊAYA: WURI DA SHINGE

A zaɓi wuri a cikin gida inda rana take samu da safe, inuwar katanga ko ta itace kuma take rufe shi da yamma. A nisanta shi da masai da makwararar ruwan wanka. Kada a fara da babba. Fangali ɗaya, wanda wasu ke kira komi, mai tsawon taku biyu da faɗin taku ɗaya, ya isa a shekarar farko.

Kafin a shuka ko ƙwaya ɗaya, a yi shinge. Ni kaina na koyi wannan da hasara. Wata shekara na reni zogale fiye da ashirin a leda, na ce gobe zan kewaye su, jibi zan kewaye su. Ran nan muka dawo daga sallar Juma'a muka tarar akuyar gidan ta gama da su. Hasarar tsiron ba ta dame ni kamar kukan yaron da ya yi wata guda yana ba su ruwa ba, kuma na sha wuya kafin ya yarda ya sake taɓa buta don shuka.

Shinge ba ya bukatar kuɗi. Karan gero ko na dawa, tsohuwar zana, da ƙayar magarya ko ta aduwa da aka samu wajen sharar gona duk sun isa. Kada a sare itace mai rai dominsa. Tsohon gidan sauro da ya yayyage, wanda aka riga aka sami madadinsa, yana hana kaji da ƙadangaru da fara idan aka lulluɓa shi a kan sanduna.

MATAKI NA BIYU: TAKI

Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne wanda ba ya riƙe ruwa. Maganin wannan shi ne ruɓaɓɓen taki. A haƙa rami mai zurfin kamu biyu a wani lungu. A zuba busasshen ganye da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa, a bi su da kashin awaki ko na tumaki ko na kaji, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a rufe da ƙasa. A yi ta jerawa haka har rami ya cika. A tsince leda da kwalba da tsohon batir, domin ba sa ruɓewa, batir kuma guba ne. Bayan kowane mako biyu a juya, a ƙara yayyafi. Idan ya yi baƙi, ya daina zafi, yana ƙamshin ƙasar sabon ruwa, to ya nuna.

Wanda ba zai iya jira ba ya tono tsohon taki daga ƙarƙashin turken dabbobi. Amma kada a sa ɗanyen kashi, musamman na kaji, domin yana ƙone saiwa, ɗanyen tarkace kuma yana jawo gara. A fangali, a gauraya kwano ɗaya na taki da kwano biyu na ƙasa, zurfin taƙi ɗaya.

MATAKI NA UKU: RUWA

Nan ne mutane da yawa suke tsayawa, kuma suna da gaskiya. Rijiyoyin ƙasar Gumel suna da zurfi, kuma kowa ya san wahalar layin famfo da kuɗin 'yan garuwa a wannan lokaci. Saboda haka ba mu ce a ɗebo ruwa don lambu ba. Cewa muka yi a duba ruwan da ake zubarwa.

Ga lissafi. A ce mutum shida ne suke salla a gida, kowa yana alwala da rabin lita, sau biyar a yini. Shida sau biyar talatin, rabin talatin kuwa goma sha biyar. Watau lita 15 ke nan kullum, fiye da rabin jarka mai lita 25, tana tafiya a rairayin tsakar gida. Wannan ruwa ya kusa isar fangalin da muka ambata ko da a tsakiyar zafi. Abin da ake bukata kawai shi ne tsohuwar roba ko tasa da za a riƙa yin alwala a kanta. Mafi sauƙi ma, a dasa zogale a daidai inda aka saba zama a yi alwala, a ajiye dutse ko bulo a gindinsa.

Ruwan wankin shinkafa da na wankin kayan miya da na ɗaurayar kwanuka su ma suna da kyau. Amma akwai ƙa'ida uku:
1. Kada a yi amfani da ruwan da yake da omo mai yawa, ko gishiri, ko mai, ko wanda aka wanke kashin yaro da shi.
2. A zuba ruwan a gindin shuka, ba a kan ganye ba, kuma a wanke ganyen da ruwa mai tsabta a dafa shi sosai kafin a ci.
3. Kada a bar ruwan ya kwana biyu a buɗe, domin sauro.

Akwai kuma tsohuwar dabara ta binne tulu. A sami tulu ko tukunyar ƙasa wadda ba a shafa mata siminti ko fenti ba. Ko bakinta ya ɓalle za ta yi, muddin gindin bai tsage ba. A binne ta har wuya a tsakiyar fangali, a cika ta da ruwa, a rufe bakin da murfi. A yi shuka kewaye da ita, tazarar taƙi ɗaya. Ruwa zai riƙa tsattsafowa ta jikinta a hankali yana isa ga saiwa kai tsaye, rana ba ta shan komai. Bayan kwana biyu ko uku a duba a ƙara. Wanda ba shi da tulu ya huda gorar roba da allura wuri huɗu ko biyar, ya binne ta haka nan.

A yi ban ruwa da sassafe ko bayan la'asar. A lulluɓe ƙasar da ƙaiƙayi ko busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe, amma kada a manna su da jikin tsiron.

Gidan da ba shi da fili ya yi noman buhu. A cika tsohon buhun hatsi da haɗin ƙasa da taki, a huda gindinsa wuri kaɗan, a jingina shi da katanga. Buhu ɗaya zai ɗauki kuɓewa biyu ko alayyafo mai yawa.

MATAKI NA HUƊU: ABIN DA ZA A SHUKA

A fara tambayar iri a wurin tsofaffin mata da maƙwabta, domin irin da ya saba da ƙasarmu ya fi. Idan ba a samu ba, a nema a kasuwa, kamar ta Maigatari da take ci ranar Alhamis. Kafin a shuka, a gwada shi: a ƙirga ƙwaya goma, a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa ana ɗan yayyafa masa ruwa. Bayan mako guda a buɗe. Idan bakwai ko fiye sun tsiro, iri ne mai kyau. Idan ba su kai biyar ba, a nemi wani.

Alayyafo: Shi ya fi saurin biya. Ƙwayarsa ƙanana ce, don haka a gauraya ta da yashi a barbaɗa, a rufe da ƙasa kaɗan. Cikin mako uku zuwa huɗu za a fara ci. Idan aka yanka daga sama aka bar gindin, zai sake tohowa.

Kuɓewa: A jiƙa irin ya kwana, a shuka ƙwaya biyu a rami, tazarar kamu ɗaya. Tana fara 'ya'ya kamar bayan wata biyu. A riƙa tsinka bayan kowane kwana biyu ko uku, domin idan aka bari suka ƙosa uwar za ta rage haihuwa.

Rama, yakuwa da lalo: Suna jure zafi. A shuka su a gefen shinge gab da saukar ruwa.

Kabewa: Rami ɗaya a gindin katanga ko kusa da ramin taki ya isa, sai ta haye rumfa ta ba da inuwa.

Zogale: Wannan shi ne uban lambun gida. A shuka ƙwayar zurfin gaɓar yatsa ɗaya, za ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ana kuma iya dasa reshe mai tsawon kamu biyu. Idan ya kai ƙugun babban mutum a tsinke kansa, domin ya yi rassa a ƙasa inda hannun mata da yara zai kai. Ganyensa yana da bitamin A mai taimakon ido, da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, da abin gina jiki. Bayan kwaɗo da ƙuli-ƙuli da dambu, a shanya ragowar a inuwa, ba a rana ba, don rana tana rage amfaninsa. A daka a tankaɗe, a riƙa sa ɗan cokali a kunun yaron da ya wuce wata shida. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, nonon uwa kaɗai ya ishe shi.

Idan ƙwari suka taso, a fara da barbaɗa toka da sassafe. Idan ba su tafi ba, babba ya daka busassun 'ya'yan darbejiya cikin gwangwanin madara biyu, ya jiƙa a galan ɗaya na ruwa su kwana, ya tace da tsumma, ya yayyafa da yamma. A ajiye wannan ruwa nesa da yara.

MATAKI NA BIYAR: RENON ITATUWA A LEDA

Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, kuma kowa yana ganin yadda iskar farkon damina take binne sabon tsiron gero da rairayi a gonar da babu itace. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, a 2015 kuma Nijeriya ta kafa hukuma dominsa da doka, kuma Jigawa tana cikin jihohi 11 da abin ya shafa. Amma babban misali yana tsallaken iyaka. Tun daga 1983 manoman ƙasar Maraɗi suka fara abin da suke kira sassabin zamani, watau barin tohon kututture a gona ana gyara shi maimakon a sassabe shi. Abin ya bazu har Damagaram, kuma masana sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Manoma ne suka yi da hannunsu, ba da kuɗi ba.

Iyali za su iya sa nasu hannun ta hanyar ledar fiya wata da ta cika mana lunguna, wadda awaki ke haɗiya su mutu. A tsinto, a wanke, a yanke baki ɗaya, a huda gindin wuri uku. A cika da haɗin ƙasa da taki, a jera a inuwa, a shuka ƙwaya biyu a kowace leda. Idan duka suka tsiro a cire mai rauni.

Irin darbejiya ba ya jure ajiya, sai a shuka shi cikin mako biyu ko uku da tsintowa. Irin kuka da na gawo da na bagaruwa suna da tauri. Babba ya zuba musu ruwan zafi ya bar su su kwana a ciki, ko ya goga gefe ɗaya a kan dutse har fari ya ɗan bayyana. Kada a raina kuka don tana jinkirin girma, domin ana iya cin ganyenta tun tana 'yar wata kaɗan. Gawo kuwa abokin gero ne: yana zubar da ganye da damina, ya bar rana ta isa ga shuka, ya yi ganye da rani.

Kowane mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri, don kada saiwa ta huda ta kama ƙasa. Idan ruwa ya zauna a watan Yuli, a haƙa rami mai zurfin kamu ɗaya, a yage ledar a hankali kada ƙasar ta warwatse, a dasa da yamma, a kewaye da ƙaya a ranar.

RABON AIKI DA WASA

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kada a mayar da abin bauta. Yaro yana son abin da aka ce nasa ne.

'Yan shekara huɗu zuwa shida: tsintar ganye don ramin taki, sa ƙwaya a rami, da korar kaji.

'Yan shekara bakwai zuwa goma: cika leda, ban ruwa da buta, gwajin iri da ƙirga tsiro. A ba kowa leda biyar, ya rubuta sunansa da sunan itacen a jikin guntun kwali.

Waɗanda suka haura goma: ɗaura shinge, juya taki, da riƙe littafin lambu, inda za a rubuta ranar shuka, ranar tsiro da ranar fara ci.

Kowace Juma'a da yamma a yi gasa. Kowane yaro ya auna tsironsa da kara, ya yi masa zane. Wanda nasa ya fi girma, shi zai zaɓi tatsuniyar daren. Ragowar kara kuma su yi motoci da tabarau da shi. Idan ruwa ya fara, a kafa gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a fili, su riƙa auna ruwan da ya taru da rula suna rubutawa. Ranar da aka fara yankan alayyafo, uwa ta faɗa a gaban kowa cewa miyar yau daga lambun wane ta fito. Idan an sami ragowar da aka sayar, a sa wani abu a asusun yaran don littafi da fensir.

GARGAƊI GA IYAYE

1. A watan Afrilu zafin rana yakan haura digiri 40. Yara su yi aiki da sassafe ko bayan la'asar kawai, kuma su sha ruwa.
2. Lambu ba dalilin fashin makarantar boko ko ta allo ba ne.
3. Wuƙa, gatari, ruwan zafi da maganin ƙwari na manya ne.
4. Kada yaro ya sa hannu cikin tarin kara ko taki sai an buga da sanda, saboda kunama da maciji.
5. A wanke hannu da sabulu ko toka bayan taɓa taki.

JADAWALI A TAƘAICE

Maris zuwa Afrilu: shinge, ramin taki, tara leda da iri.
Afrilu zuwa Mayu: shuka a leda, binne tulu, alayyafo da zogale.
Yuni: kuɓewa, rama, yakuwa, lalo da kabewa.
Yuli: dashen itatuwa.
Satumba zuwa Oktoba: shanya ragowa da ajiye irin baɗi.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ake yin shinge kafin shuka?
2. Idan mutum takwas ne suke alwala da rabin lita sau biyar, lita nawa za a tara a yini?
3. Kawo irin ruwa uku da bai kamata a zuba a lambu ba.
4. Me ya sa ake shanya zogale a inuwa?
5. Yaya ake yi wa irin kuka kafin a shuka shi?

AIKIN GIDA

Kafin fitowar jarida ta gaba, kowane mai karatu ya kewaye fangali ɗaya, ya auna ruwan alwalar gidansa na yini guda, ya kuma taya 'ya'yansa cika leda goma. Malaman azuzuwa su karanta darasin tare da ɗalibai, su gwada binne tulu a gabansu. Wanda ya sami matsala, ko yake da dabarar da ta fi tamu, ya rubuto mana, za mu buga don kowa ya amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.